Jijjigar da Ta Ci Rumbunmu

Ranar wata Alhamis ce, tsakiyar marka, a shekarar da aka tare kogin Kwara a Kainji. Ni ban san shekarar da lambar Bature ba. Inna dai ta ce ina goye a bayanta aka yi kiɗan samun mulkin kai, to ku lissafa, ban fi shekara tara ba. Ina zaune a ƙasan wani babban jirgin ƙarfe mai inji a cikinsa, can baya inda ake cusa mata da yara da tukwane, na jingina da turminmu, ina kallon gungunmu yana ƙanƙancewa a bayan ruwa. Gungu shi ne tsibiri a bakinmu, a can aka haife ni, a can aka haifi ubana. Muna cikin tafiya sai muka ji ƙum daga ƙarƙashinmu, kamar an saki taɓarya cikin turmin da babu komai. Na leƙa baya, na ga ganyen ɗorawa da wani karyayyen reshe sun taso cikin kumfa. Ban gama kallo ba jirgin ya kama rawa. Haƙorana suka riƙa bugun juna, marfin tukunya ya yi ta ƙara, kaji suka rikice cikin akurki, ruwan shan da ke ƙwarya gaban Inna ya dinga tsalle yana zuba a zanenta. Inna ba ta yi salati da ƙarfi kamar sauran mata ba. Ta ajiye tafin hannunta a ƙasan jirgin, ta karkata kai kamar mai sauraron numfashin jariri.

Bari in gaya muku abin da muka bari a baya, don ku san abin da ke ƙona ni har yau. Gidanmu na can gabas da gungu, ƙarƙashin tsamiya biyu, da rufewa uku, wato rumbunan laka, a jere bayan ɗakin Baba, kowace a kan duwatsunta. Biyu gero, ɗaya dawa da maiwa. Ba gadon su muka yi cike ba, mu muka cika su. Ni na kori tsuntsaye a gonar nan da gwangwani da tsakuwa har muryata ta dishe. Na kai wa Baba fura a ka, ƙaya na sukata. Na ga yadda maza ke kwana a bukka da ganga don dorina kada ta shiga shinkafa. Da rani kuma mu koma fadama ban ruwan albasa da ƙwarya, mu dawo mu tarar da kifin da za a fasa a jera a kan banda. In mun sami sarari mu yi iyo har idanunmu su yi ja, mu yi carafke da duwatsun bakin ruwa, mu yi gaɗa a kan yashi, malamin allo ya biyo mu da tsumagiya. Da la'asar kuwa, in an gama surfe da daka, Inna takan shimfiɗa tabarma ta ɗauko taskira da alli da mazari, ta zauna kaɗi. Duk gungu babu mai zarenta. Masaƙan Yelwa da hannu suke gane shi. Kafin ta yarda da sabon mazari sai ta murza shi ba auduga, ta kawo tsinke kusa da shi ta riƙe cak. In ya taɓa tsinken ya kauce, ya taɓa ya kauce, sai ta jefa shi murhu. Takan ce mini, “Ladi, karkataccen mazari a kwance lafiya lau yake, sai ya juya kike sanin halinai.”

Da aka zo tashinmu, don ruwan da aka tare zai shanye gungu, an ba wani ɗan kwangila aikin kwashe mu zuwa sabon gari a ƙasar Ngaski, wajen Wara. Shi ban taɓa ganinsa ba, jirginsa kawai na sani da direbansa, wani dogo mai baƙin tabarau da ake kira Audu Direba. Gidanmu ne na ƙarshe a layi. Audu ya ce jirgi ba zai ɗauki mutane da hatsi a tafiya ɗaya ba, a kai mutane yau, gobe da sassafe a dawo a kwashe rumbu. Baba ya yi gardama, ya ce shi bai taɓa jin inda magidanci ya yi gaba ya bar abincinsa a baya ba, ga ruwa yana hawa kullum. Aka ce masa kwana ɗaya ne tak. Ya liƙe bakin rufewa da laka, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura kwalekwalensa a bayan jirgi, muka shiga. A hanya ya tsaya gaba yana nuna wa Audu tsohuwar hanyar kogi, inda zurfi yake, don shi ya san kowane dutse da kowace kwana. Audu ya ce yanzu ai duk ruwa ne, babu sauran hanya da ba hanya ba, ya yanke ta kan gonakin mutane da ruwa ya riga ya shanye. Gonakin nan kuwa da itatuwansu a tsaye suka nutse. Kan ɗorawar wani bawan Allah muka hau.

Da ƙyar muka isa, a hankali kamar masu rakiyar gawa, don in ya ƙara wuta rawar ta ƙaru, in ya rage ta lafa. Muna sauka Audu ya ce inji ya sami matsala, jirgi ba zai koma ko'ina ba sai bakanike ya zo daga Yelwa. Bai ce ya hau kan komai ba. Mazan da ke gaba, kusa da rurin inji, ba su ji ƙum ɗin nan sosai ba. Mu da muka ji shi a ƙashin bayanmu, mata ne da yara, ba wanda ya tambaye mu.

Aka nuna mana gidan siminti mai lanƙwasasshen rufi, in rana ta take kamar an kifa maka tukunya. Babu inuwa, babu tsamiya, ƙasar wurin jar tsakuwa ce, gonar da aka ba Baba kuwa daji ce da ba a sare ba. Shukar da muka yi a gungu a daminar nan mun san ta tafi. Abin da zai kai mu wata kaka yana cikin rufewa ukun nan, babu wani. Abin da muka zo da shi a buhu bai fi na mako biyu ba. Tun daren farko, bayan an ci tuwo, Inna ta durƙusa gefen tabarmar Baba ta ce, “Malam, ciwon jirgin ga ba cikinai yake ba. Da muka tsaya bakin gaɓa injin shina kuka, amma ƙwaryata ko motsi. Sai an tahi yake rawa, kuma daga baya take tasowa, ƙarƙashinmu. Akwai abin da ke juyawa can ƙasa, ya karkace.” Baba ya jinjina kai, ya ce zai faɗa musu.

Ranar Asabar bakanike ya iso a kan babur, Malam Garba, gajere mai tumbi, da akwatin sifanu. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa don Allah. Amma ya tambayi mutum ɗaya kawai, Audu, Audu kuma ya ce masa inji ne. Baba ya bari sai da suka sha ruwa, ya matsa ya gaishe su, ya faɗi abin da aka gaya masa. Da ya tsaya nan da wataƙila an saurare shi. Amma Baba mutum ne da bai iya cin haƙƙin kowa ba, sai ya ƙara da cewa mai ɗakinsa ce ta lura, ita da take kaɗi. Ina tsaye riƙe da tulu na ji dariyar da suka yi. Audu har da dukan cinya. Ya ce, “Baba, a gaishe da injiniya. In mun gama sai ta zo ta kaɗa mana zaren ɗinke inji.” Malam Garba ya ce, “Dattijo, kowa da aikinsa. Je ka huta.” Ubana, wanda ya fi su sanin ruwan nan tun ba a haife su ba, ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya juyo. Ban taɓa ganin bayansa ya yi ƙanƙanta irin na ranar ba.

Suka buɗe inji. Suka shimfiɗa tabarma suka jera hanjinsa a kai, ƙarafa manya da ƙanana, suna wankewa da kananzir, suna hurawa, suna ɗagawa sama suna kallo da ido ɗaya. Suka zubar da baƙin mai suka zuba sabo. Suka tace man gas da ƙyalle, suka ce ruwa ne ya shiga. Kwana biyu suna wannan. Da suka mayar suka tayar, injin ya yi kuka sumul a bakin gaɓa, mutane suka yi ta barka, Baba ya ɗauko igiyoyi da buhuna da gudu. Jirgi bai yi nisan jifa ba ya kama rawarsa kamar ranar farko. Suka dawo. Wallahi ko yaro ya ga wannan ya ga amsa: a tsaye lafiya, a tafe ciwo. Amma suka sake shimfiɗa tabarma, suka sake zazzage shi. Wannan karon ƙafafun injin suka ɗaure da sababbin notuna, suka cusa guntun taya a ƙarƙashi.

Kullum da asuba Baba yakan kafa kara a bakin ruwa, daidai inda ruwan ya tsaya. Kullum in gari ya sake wayewa sai mu tarar da karan a cikin ruwa har wuya. Sai ya kafa wani. Sau biyu ya ɗauki kwalekwale ya tafi shi kaɗai. Kogin da muka sani, wanda ake kiran mutum daga wancan ƙetare ya amsa, ya zama wani abu mai faɗi da iska da igiyar ruwa da ba a saba gani ba, kwalekwalen kamun kifi kuwa ba don wannan aka sassaƙa shi ba. Tafiyar farko ya wuni, ya dawo da dami biyar. Ta biyu, ranar Litinin, hadari ya tare shi a tsakiya, dole ya tura damman cikin ruwa da hannunsa don ya tsira da rai. Ya dawo jiƙe, leɓɓansa sun yi fari. Ya ce ruwa ya shiga tsakar gida, amma da sauran taku uku kafin duwatsun rufewa. Taku uku. Ranar Litinin hatsinmu a bushe yake, ku riƙe wannan.

Na sha tambayar kaina me ya hana Inna sauka bakin ruwa tun ranar Asabar. Na san amsar, amsar ce ba ta gamsar da ni. Matar aure ba ta ratsa taron baƙin maza ta buɗe baki, mijinta yana raye, yana tsaye. Za a ce ta raina shi, za a ce gidan ba shi da mai shi. Ta zauna cikin zafin ɗakin nan tana kaɗi, zaren yana tsinkewa, ita da zarenta ba ya tsinkewa. Tana jin ƙarar sifana daga nesa tana magana ƙasa-ƙasa da Gunganci, harshen da take komawa in ranta ya ɓaci. Ina fushi da Audu, ina fushi da Malam Garba, amma akwai wani fushin da na rasa inda zan ajiye shi, na kunyar da ta ɗaure uwata kwana biyar tana riƙe da gaskiya a hannu.

Ranar Alhamis, kwana bakwai cif, suka sake gwadawa, ya sake rawa. Labari ya iso gida cewa Malam Garba ya ce sai an aika birni a kawo wani ƙarfen cikin inji, mako guda ko biyu. Inna ta miƙe. Ta yafa mayafi, ta ɗauki taskira da ƙwarya, ta zaro mazari biyu, ta kara ɗaya a bakin wuta ta ɗan lanƙwasa shi da yatsa, kaɗan, yadda ido ba zai gani ba. Ta ce, “Ladi, wuce gaba.” Ba ta nemi izini ba. Baba yana zaune a ƙofar gida, ya dube ta, ya tashi ya biyo mu.

Bakin ruwa cike yake da maza, don ba mu kaɗai jirgin ya tsayar ba. Suka dare. Inna ta durƙusa gaban Malam Garba, ta gaishe shi kamar yadda ake gaida malami, ta ajiye mazaran biyu a ƙasa ta ce ya nuna mata marar lafiya. Ya duba, ya ce duk ɗaya ne. Ta murza na farko cikin taskira, ya tsaya cak yana juyi kamar ba ya motsi. Ta murza na biyu, ya kama rawa, taskirar kanta tana kaɗawa. Ba wanda ya yi dariya. Ta ce, “Malam, kai ka san ƙarfe, ni ban sani ba. Abu guda nike roƙo. A ɗaure jirgin ga ga itace, a tada shi, a bar ni in aza ƙwaryata.” Audu ya fara cewa wannan wasan yara ne, amma wani tsoho daga gungunmu ya daka masa tsawa, mutane suka goyi baya, don kowa ya gaji. Aka ɗaure jirgi da igiya mai kauri a jikin wata kirya. Inna ta ɗebi ruwa ta ajiye ƙwarya a baya, inda muka zauna. Aka tayar da inji, aka ba shi wuta har hayaƙi ya turnuƙe. Ruwan ƙwarya ya ɗan yi gizo-gizo, shi ke nan. Malam Garba da kansa ya ce a sa giya, jirgi ya ja kamar zai tafi. Ana sawa, igiya ta miƙe, ƙwaryar ta yi tsalle ta tuntsure.

Malam Garba ya daɗe yana kallon ƙwaryar nan. Sannan ya juya ya ce, “Audu, tsakaninka da Allah, ka taɓa wani abu a hanya?” Audu ya ce shi bai taɓa komai ba, shekararsa kaza yana tuƙi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ƙarya ne, mun ji ƙum, na ga ganyen ɗorawa da reshe sun taso. Ya yo kaina da hannu a sama yana cewa ɗiyar wa ce wannan marar kunya. Baba ya shiga tsakaninmu. Bai ɗaga murya ba, ya ce, “Tawa ce. Sauke hannunka.” Sai matan da suka biyo mu suka fara magana daga baya, wannan ta ce ta ji, waccan ta ce ita ma ta ji, har da wadda ta ce tun ranar ƙugunta ke ciwo. Shaidu sun fi goma, kwana bakwai suna zaune a gida.

Maza suka tuɓe riguna suka shiga ruwa. Aka jawo gumagumai, aka juya jirgin, aka ja gindinsa kan gaɓa har farfela ta fito fili, wato fankar ƙarfe mai kunne uku da ke tura ruwa, da doguwar sandar ƙarfen da ke juya ta daga inji. Ga ɓawon ɗorawa nan maƙale a gindinta, ɗanye. Malam Garba ya karɓi karan dawa, ya kafa shi a ƙasa dab da farfela, ya riƙa juya ta da hannu a hankali. Kunne ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, na uku ya doki karan. Ya matsar da karan jikin sandar, ya sake juyawa. Ta taɓa ta kauce, ta taɓa ta kauce. Abin da na ga Inna tana yi da tsinke tun ina rarrafe, shi wannan babban bakanike ya tsuguna yana yi. Ya tambayi Audu ko akwai wata farfela da sanda a ajiye. Audu ya je ya ɗaga katakon ƙasan jirgi. Ga sabuwar farfela naɗe cikin buhu, ga sanda shafe da man giris, tun ranar da aka sayi jirgin suke kwance a nan. Ya ji tsoron kada mai jirgi ya ga an taɓa su ya san ya yi karo, ya kore shi. Don wannan ya bar mutum yana tonon lafiyayyen inji kwana biyar. Daga azahar zuwa faɗuwar rana aka gama canzawa. Da aka gwada, jirgi ya tafi sumul kamar an shafa masa mai. Malam Garba ya goge hannu ya zo wurin Baba ya ce, “Dattijo, ka yi gaskiya, ka gafarce ni.” Baba ya ce, “Ba ni ba ne.” Malam Garba ya dubi wajen da Inna take, ya sunkuyar da kai, bai ƙarasa wurinta ba.

Da sassafe ranar Juma'a muka tafi, ta tsohuwar hanyar kogi, Audu yana bin yatsan Baba kamar ɗan makaranta. Tun daga nesa muka ga tsuntsaye, baƙi ƙirin a kan gidanmu. Sannan wari ya tare mu, tsami-tsami kamar na gasarar da ta kwana uku. Laka ba ta jure ruwa. Da ya kai gindin rufewa sai ta jiƙe ta zauna. Biyu sun rushe gaba ɗaya, zangarniyar gero tana yawo a tsakar gidanmu, ta kumbura, wata har ta fara tsiro, ƙananan kifaye suna ta wasoso a inda nake shara kullum. Ta ukun ta karkata ta jingina da tsamiya, rabinta a ruwa. Baba ya diro, ruwa har ƙirji, ya fasa ta daga sama, yana miƙo damman da ba su jiƙe ba, mu muna karɓa. Ba su cika kwata na jirgin ba. Irin shukarmu, geron gungu mai dogon kai da kakanninmu ke zaɓa zangarniya-zangarniya kowace kaka, yana cikin wadda ta fara faɗuwa. Baba ya yi ta lalube cikin taɓo da hannu biyu har Inna ta ce, “Malam, ya isa, hito.”

Audu yana zaune a kan kujerarsa, ya cire tabarau. Can sai ya ce, “Sai haƙuri, haka Allah ya so.” Inna ta juyo ta dube shi, ita da ba ta kallon baƙon namiji a ido. Ta ce, “Allah ya kawo ruwa, gaskiya ne. Amma ba shi ya rufe maka baki ba.” 

Hatsin nan bai kai mu tsakiyar rani ba. Shekarar nan na san ɗanɗanon bado, na san tafasa ba ƙuli, na san yadda uwa ke ɗora tukunyar ruwa zalla a wuta don yara su yi barci suna jira. Baba ya sare dajin nan da ciki wayam, ya shuka irin da ya samo a kasuwa, wanda bai san ƙasarmu ba, mu ma ba mu san shi ba. Audu kuwa ya ci gaba da tuƙinsa, na sha ganinsa a kasuwar Yelwa bayan na yi aure, ya yi ƙiba, bai gane ni ba.

Yanzu jiragen tafkin nan injinsu a waje yake rataye, in ya yi rawa yaro ya ɗaga shi ya duba a tsakiyar ruwa, kafin ka gama alwala ya gyara. Jikokina mata suna tsayawa gaban kowa su faɗi abin da suka gani, wani lokaci har ya yi yawa, ni kuwa ba na hana su. Ba mai kaɗi a unguwarmu, ba mai rufewa, a mudu muke sayen gero ranar kasuwar Wara, a kai inji ya niƙa, a dama fura fara sol da ba ta da ƙamshin komai. Suna sha suna santi. Ni nakan kurɓa in ajiye, in ce musu akwai wani gero da ba za su taɓa sani ba, su ce Kaka ta fara. Yunwar shekarar nan ta daɗe da barin cikina. Fushin ne har yau ban sami wanda zan miƙa wa ba.